Ƙahon Zamani da Kwanon Balki

Duk wanda ya zauna Rafin Guza a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, in ya ce bai san Balarabe mai faci ba, to ko dai ƙarya yake yi ko kuma kurma ne. Rumfarsa tana bakin titi, gindin wata dalbejiya. Da hannu yake facin taya, amma da baki yake gyara duniya. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, da ya ga ba wanda ya taya shi kira, sai ya sa aka rubuta masa da farin fenti a jikin wata tsohuwar taya ya rataye. In jirgin sojan sama ya taso daga Mando ya bi ta kan unguwa, sai ya ajiye aiki ya kasa kunne, ya girgiza kai ya ce, "Tayar hagu ba iska. Na sha faɗa musu, ba sa ji."

Daminar shekarar ta zo da ƙarfinta. Garu ya jiƙe, tabarma ta jiƙe, sanyi ya bi ya shige ƙashin mutane. Da rana ta ɗan leƙo sai dattawan unguwa su fito dakalin da ke gefen rumfar Balarabe, su baje gaɓoɓinsu kamar shanya. Wannan ya ce gwiwa, wancan ya ce ƙugu, wani ya ce shi yatsunsa ba sa lanƙwasuwa sai hantsi ya dubi ludayi. Malam Idi kuwa, tsohon ɗan dako da buhunan kasuwa suka cinye wa gwiwoyi, in zai taso daga sujada sai an ji ƙas-ƙas har sahun baya. A nan Husaini wanzami yake samunsu. Ya kwance zabira, ya kafa ƙaho a gwiwa ko a gadon baya, ya sa baki ya zuƙa har kumatunsa su lotsa, sannan ya toshe bakin ƙahon da danƙo.

Wannan abu ya daɗe yana ci wa Balarabe rai. Wata rana ya kasa daurewa.

"Wanzam, wai har yanzu da baki? Ƙasa ta ci gaba, mota ma ta sake hannu, kai kana nan kana tsotsar bayan mutane kamar ɗan maraƙi!"

Husaini ya tofar da yawu ya ce, "Kai da me za ka zuƙa, Injiniya? Da hanci?"

"Da ilimi. Mene ne sanyin ƙashi? Iska ce ta shiga inda ba a gayyace ta ba. To duk Kaduna wa ya fi ni sanin iska? Da ita nake kwana, da ita nake tashi. Abin da kake wata guda kana zuƙa, famfona zai zuƙe shi kafin ka gama wasa aska."

"Ai famfo hurawa yake yi."

"Na jahilai ke nan. Nawa in na juya fatar da ke cikinsa, ja zai yi. Ku ba ni kwana kaɗan, wallahi sai na kori ciwon gaɓɓai daga nan har Kawo. Kai kuma ka fara neman wata sana'ar."

Bai yi wasa ba kuwa. Ya samo gwangwanin madara ya yanke bakinsa, ya huda gindin, ya dasa bawul ɗin taya ya liƙe da dalma, ya jona tiyo. Malam Idi ne ya fara miƙa ƙafa, don shi ya kai matsayin da ko wuta aka ce magani ce zai taka.

"Ni dai in yi sujada ba hawaye, Injiniya," in ji shi.

Balarabe ya kifa gwangwanin a gwiwar, ya ɗaure shi tamau da igiyar roba, ya juya wajen jama'a ya shiga bayani. Ya yi bayanin iska, ya yi bayanin ƙashi, ya yi bayanin yadda Turawa za su zo koyo wurinsa. Bayanin ne ya yi daɗi har ya manta bai juya fatar famfon ba. Ya taka ƙafar famfo ya shiga bugawa da ƙarfinsa.

"Injiniya, kamar hura ni kake yi fa."

"Haka ake ji da farko. Yi shiru."

Bai rufe baki ba aka ji fau! Roba ta tsinke, gwangwani ya tashi sama yana feɗuwa, ya tsallake kan dattawa, ya faɗa tsulum cikin kaskon Ladi mai ƙosai. Mai ya fantsamo. Malam Idi da ake kamawa a tayar, sai ga shi ya zabura ya tsallake kwata, bai tsaya ba sai ƙofar masallaci.

"Kun gani!" Balarabe ya daka tsalle. "Mutumin da rabonsa da sauri tun kafin yaƙi! Ku ba ni amsa, ya yi gudu ko bai yi ba?"

Ladi ce ta ba shi amsa, da matsamin ƙosai a tsakar ka. Malam Idi kuwa sai da aka ɗauko shi a kafaɗa, gwiwar ta kumbura ta yi sumul.

Da wani ne, da ya tuba daga nan. Balarabe cewa ya yi laifin gwangwani ne, bakinsa kaifi gare shi, kuma ya yi ƙanƙanta. Abin da aikin yake so shi ne mazubi mai santsin baki. Yana wannan tunani ya shiga gida, idonsa ya sauka a kan jeren Balki.

Balki matarsa mace ce mai haƙuri, amma kowa da inda ba a taɓa masa. Ita nata kwanukan jerenta ne. Kwanukan samira ne masu fure, an jera su bisa kabad tun daga manya har ƙanana, ba a ci a ciki, ba a sha a ciki sai babban baƙo ya zo. Kullum da safe sai ta bi su ɗaya-ɗaya da tsumma tana 'yar waƙarta. A can ƙoli kuma akwai uban tafiyar, wani babban kwano mai jan fure, wanda uwarta Inna Magajiya ta sa mata da hannunta ranar da aka kawo ta.

Balarabe ya fara da layin baya, inda ido ba ya kai wa. Ya zari ɗaya in Balki ta shiga maƙwabta, ya huda, ramin ya karkace, ya toshe da sabulu ya mayar ya zaro wani. Kafin ya sami wanda ya yi masa daidai, layin baya kaf ya zama rariya.

Sai neman majinyaci. Ya samu kuwa, maƙwabcinsa Kefas, akawu ne a wani ofishin gwamnati. Buga tafireta ya ƙage masa wuya da kafaɗa, har in ka kira shi daga gefe sai ya juyo da jikinsa duka kamar motar itace. Ran Lahadi bayan an taso daga coci Balarabe ya tare shi da daɗin baki, ya zaunar da shi a benci, ya sa ya zame farar rigarsa, ya kifa masa ɗan kwano a gindin wuya. Wannan karon ya juya fatar. Ya ja famfo, ya sake ja. Kwano ya kama caraf!

"Allahu akbar! Ya kama! Wanzam, zo ka ga ritayarka!"

Daidai lokacin ne matan zumunta na coci suka ɓullo daga kwana cikin anko, Rahila matar Kefas tana gaba. Daidai lokacin ne kuma bakin kwanon ya ɗan saki. Wata irin ƙara ta fito daga wajen Kefas, doguwa, siririya, mai lanƙwasa a ƙarshe, irin wadda ba a yi a gaban mutane. Mata suka tsaya cak. Dattawan dakali suka sunkuyar da kai.

"Ba ni ba ne!" in ji Kefas. "Balarabe, gaya musu kwanonka ne!"

To ka ji inda mutumin yake. Ya yarda a ce na'urarsa tana yoyo? Sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Jama'a, iskar ciwon ce take fita. Ta wace ƙofa ta fita kuwa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa."

Kefas ya tashi zai shaƙe shi, wuya ya ce bai san zancen ba, ya ƙara ƙagewa ta ɗaya gefen. Ya tafi gida yana kallon katangar mutane, da wani baƙin tambari a wuya kamar an ɗora masa waina. Washegari Rahila ta zo rumfar ta wanke Balarabe tas, da Hausa da yarensu, ta ce in ya ƙara taɓa mata miji sai ta kifa masa tukunyar tuwo a ka ta buga famfon da kanta.

Shi duk wannan bai dame shi ba. Abu ɗaya ya tsaya masa: yoyo. Kuma duk mai faci ya san maganin yoyo.

Ana cikin haka asiri ya tonu. Ƙawayen Balki suka zo mata wuni daga Unguwar Shanu, ta ce yau ranar fita kunya ce, ta miƙa hannu layin baya ta ɗauko kwano ta dama fura ta miƙa wa babbarsu. Baƙuwa ta kurɓa ta ɓata fuska, ta ga fura tana kumfa. Kafin ta yi magana sabulun ya narke, fura ta tsiyaye mata a sabuwar atamfa. Balki ta nufi kabad. Ta kwaso kwanukan ta fito tsakar gida, tana ɗaga su sama ɗaya bayan ɗaya, rana tana leƙo ta ta gindin kowanne. Ta koma ɗaki ta ɗaga kai ƙolin kabad, babban kwano mai jan fure ba ya nan. Da safen nan Injiniya ya fita da shi a ƙarƙashin riga, wai zai gwada faɗinsa.

Da ya dawo ya tarar ta ɗaure kayanta, ta yafa gyale.

"Haba Balki, a kan 'yan ramuka? Ai in aikin nan ya kankama, kwanukan Ingila zan cika miki ɗaki da su."

"Malam, ka huda min kwanuka, ka sa na shayar da baƙuwa sabulu. Na tafi Rigachikun. In kana son ganina, ka zo da kwanon Inna, lafiyayye yadda ka ɗauke shi. In babu shi, kada ka wahalar da takalminka."

Ta fice. Gida ya yi masa faɗi. Kwana biyu yana cika baki a rumfa wai hutu ya samu, amma duk wanda ya dube shi ya san ƙarya ce, don har ya fara sa riga a bai-bai, ga shi ya rame a wuya. Yana son matarsa, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Malam Idi ne ya ji tausayinsa, ya manta da gwiwarsa, ya aika wa Baba Muhammadu mahaifin Balki, aka tsayar da ranar biko: Lahadi bayan la'asar.

Kwano kuwa yana nan ƙarƙashin bencin rumfa, lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Abin da ya rage kawai ya wanke shi, ya naɗe a tsumma, ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri. Jaki ma zai iya wannan. Amma ana gobe biko sai Malam Idi ya yi suɓutar baki ya ce Baba Muhammadu yana kwance, ciwon baya ya kayar da shi tun da aka yi noman farko.

Idon Balarabe ya yi wal.

"Ciwon baya? Malam Idi, ai ba biko za ni ba, ceto za ni! In tayar da surukina tsaye a gaban jama'a, wa zai ƙara yi mini zancen kwano? Da kiɗa za a rako ta."

"Injiniya, don girman Allah ka bar kwanon nan."

"Rami ɗaya ne tak, ɗan mitsitsi. In an gama in face shi. Faci fa sana'ata ce."

Ƙusa ta shiga tsakiyar jan furen, bawul ya zauna. Don kada kuma a maimaita abin Kefas, ya yanko zoben roba ya liƙa a bakin kwanon. Ya ce da safe za a yi gwaji a bainar jama'a, da yamma a wuce Rigachikun da nasara.

Safiyar Lahadi kamar ana rabon goro. Har masu wankin mota da masu sayar da rake sun bar sana'a sun zo. Balarabe ya hau kan taya ya ce mai ciwon baya ya fito. Shiru. Malam Idi ya ja riga ya rufe gwiwoyinsa. Kefas yana can nesa bayan Rahila, da mayafi a wuya. Dattawan da kullum suke kukan ƙugu, ranar kowa ya miƙe sambal kamar soja.

Husaini wanzami ya yi gyaran murya. "Injiniya, mu a sana'armu, kafin ka sa wa wani aska sai an sa maka. Ko tsoro kake ji?"

"Tsoro? Ni?"

Kafin a ce haka ya tuɓe riga ya kwanta rubda ciki a benci. Daga kwancen yake ba da umarni. A shafa sholisho a bakin kwanon, wato danƙon nan da yake liƙe faci da shi. A shafa a bayansa ma, zagaye guda. A dakata ya sha iska tukuna, sai ya yi yauƙi, haka ake faci.

"Ka tabbata?" in ji Malam Idi.

"Facina in ya kama, taya takan mutu bai saki ba. Kifa!"

Aka kifa masa kwano a tsakiyar baya. Husaini ya karɓi famfo, ya yi bisimilla, ya shiga ja da irin ƙwazon da bai taɓa yi wa ƙahonsa ba.

"Yaya kake ji, Injiniya?"

"Daɗi! Ƙara!"

Ya ƙara. Fatar bayan Balarabe ta tattaru ta shige kwano, har girarsa ta ɗaga sama.

"Yanzu fa?"

"Sanyi... sanyin shekara goma yana fita," in ji shi da wata 'yar siririyar murya. Idanunsa sun firfito, yatsun ƙafarsa sun tanƙware, amma ga jama'a, ina zai ce wayyo? Sai da ya ji kamar cibiyarsa za ta ɓullo ta baya sannan ya ƙwalla ƙara, "Ya isa! Wanzam, ya isa, don iyayenka!"

Aka danna bawul, iska ta koma fiii. Jama'a suka matso a ga an ɗaga kwano. Husaini ya kama ya ja. Kwano ya ce yana nan. Ya murɗa, Balarabe ya murɗu tare da shi.

Wasu ƙarti biyu masu dako suka ce a ba su wuri. Suka kama kwano suka ɗaga, sai ga kwano ya taso, Injiniya ya taso, bencin da ya rungume shi ma ya taso. Suka saki gaba ɗaya, tim! Wani ya ɗauko ƙarfen cire taya ya soka a gefe, ihun da Balarabe ya yi sai da kajin unguwa suka watse. Ladi mai ƙosai ta ce ruwan zafi ne maganin danƙo, kuma ita za ta ba da kyauta, saboda Allah. Aka kwarara. Danƙo bai narke ba, kwano dai ya ɗau zafi, Injiniya ya tashi da gudu ya zagaya dalbejiya yana fifita bayansa da hannu biyu, tiyo yana binsa kamar wutsiya.

"A kai shi asibiti," in ji Kefas daga nesa. "Amma a bi ta babban titi, kowa ya gani."

Ana haka aka kira azahar. Balarabe ya tsaya cak, ya tuna la'asar, ya tuna Balki. In bai je yau ba, ya raina surukai, magana ta lalace. In ya je ba kwano, an ce kada ya wahalar da takalmi. Sai ya ce a cire tiyon, a miƙo masa babbar riga.

Haka suka hau a-kori-kura a tashar Kawo, shi da Malam Idi, da Husaini wanda ba wanda ya gayyata amma ya ce wannan biko ba za a ba shi labari ba. Riga ta rufe kwano, sai dai ta yi tozo. Zama bai yiwu ba sai a duƙe. Duk ramin da mota ta faɗa, sai bayansa ya bugi ƙarfen mota, ƙwal! Direba ya tsaya har sau biyu yana leƙa ƙarƙashin motarsa. Wata tsohuwa da ke gefensa ta dube shi da tausayi, ta kwance bakin zane ta damƙa masa ɓarin goro.

"Sannu bawan Allah. Da shi aka haife ka?"

"Da safen nan ya fito masa, Iya," in ji Husaini.

Tsohuwa ta yi salati ta matsa can.

A Rigachikun suka tarar da zaure cike. Baba Muhammadu yana kwance a tabarma an tokare shi da matashi, ga 'yan'uwansa dattawa sun zo jin magana. Ƙofar zauren gajera ce. Balarabe ya cire takalmi ya sunkuya zai shiga, tozo ya daki saman ƙofa, ƙwal! Ya durƙusa zai gaida surukinsa, ya ja da baya don ladabi, ya daki bango, ƙwalalam!

"Lafiya, Balarabe?" in ji Baba Muhammadu. "Me ya same ka a baya?"

"Ɗan sanyi ne, Baba. Na damina."

"Sanyi mai ƙara?"

Malam Idi ya yi maza ya shiga ba da haƙuri, ya yi magana mai daɗi a kan zaman aure da zumunci. Baba Muhammadu ya saurara har ƙarshe, ya ce duk ya ji, yarinya kuma abu ɗaya ta ce. Ina kwanon?

"Na zo da shi, Baba."

"Madalla. Yana ina?"

"Yana tare da ni."

"To ajiye shi mu gani."

"Wato Baba... ajiyewar ce take da ɗan bayani."

Sai aka ji murya daga bayan asabarin ƙofar cikin gida. Inna Magajiya ce, wadda tun da aka yi auren ba ta taɓa yarda sun haɗa ido da surukinta ba, balle magana.

"Malam," ta ce da mijinta, "ƙarar nan da na ji, na san ta. A ƙwanƙwasa min bayan yaron nan."

Baba Muhammadu ya miƙa sandarsa ya ɗan taɓa tozon. Ƙwal.

"Kwanona ne! Wallahi kwanona ne! Duk kasuwa sai da na ƙwanƙwasa kafin na zaɓe shi!"

Husaini, don taimako, ya kama gefen babbar riga ya yaye. Ga jan fure ya bayyana a tsakiyar bayan Injiniya, da bawul tsaye a kansa kamar hancin buta.

Zaure ya fashe da dariya. Dattawa suka riƙe ciki. Baba Muhammadu ya tuntsire, dariya ta fizgi bayansa, ya koma salati. "Wayyo bayana! Ku juya shi, kada in ƙara gani, zai kashe ni!" Aka juya Balarabe ya fuskance shi, ya ga fuskar, ya sake fashewa. Maƙwabta suka ji hayaniya suka cika ƙofa, masu leƙe ta kan danga suna kiran na nesa.

"Baba," in ji Balarabe, da sauran ƙarfin halinsa, "asali fa domin ku na ƙera shi. In an cire, sai a kifa muku..."

"A kifa wa wa? Kai, rufe min baki!" Ya share hawaye ya nisa. "To ga hukuncina. Kayan 'yata sun shigo gidana, ba kuma za su fita ba sai da yardarta. Kwano ya zauna. Kai kana iya tafiya."

"Baba, ta yaya zan tafi in bar shi?"

"Wannan kuma ilimi ne. Kai ne Injiniya."

Sai ga Balki ta fito, da 'yar kwalbar man gyaɗa da gashin kaza guda. Ba ta dubi kowa ba. Ta ce ya kwanta. Ya kwanta rubda ciki a zauren surukai, gaban duk wanda yake jin kunya a duniya. Ta tsoma gashin a mai, ta shiga bin bakin kwanon a hankali, tana ɗan ɓamɓarawa.

"Malam, kwano nawa ka huda min?"

"Ɗaya ne... ko biyu."

Ta ɗan fizga.

"Wayyo! Layin baya duka!"

"Wa ya yi ƙarar nan waccan Lahadin, Kefas ko kwano?"

"Kefas ne... wayyo Allah! Kwano ne! Wanzam, ka gaya wa Kefas kwano ne!"

Ta ci gaba da shafa mai. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji, "Ka san shekara nawa Inna ta yi tana tuyar ƙuli-ƙuli kafin ta tara min kwanukan nan? Har yau yatsunta ba sa miƙewa. Shi ya sa nake goge su kullum. Ba don fure ba."

Wannan ta shige shi fiye da ƙarfen cire taya. Da ƙyar ya ce, "Na yi laifi, Balki. Ki yafe ni. Gidan ba daɗi. Ko ɓera ya daina zuwa."

Ta kau da kai don kada ya ga murmushinta. Ta sa yatsu biyu ta ɗaga. Ɓok! Kwano ya fita, da gashin bayan Injiniya jere a bakinsa. Jama'a suka sa sowa. Balarabe ya yunƙura zai miƙe ya yi jawabi, sai ƙugu ya riƙe ƙam. Wunin da ya yi a duƙe, da ɗagawar ƙarti, da ramukan hanya, duk sun taru sun biya shi. A duƙe ya yi sallama da surukai, a duƙe ya hau mota, Balki tana gaba da kwanonta a cinya.

Ta dawo, amma da sharaɗi ɗaya: kwanon nan ba za a face shi ba har abada. Ta sa aka cire bawul, ramin ya zauna. Kuma a cikinsa take zuba masa abinci. Kullum da rana za ka ga Injiniya a dakali, hannun hagu a ƙarƙashin kwano ya toshe rami da yatsa, dama tana kai loma. In jirgi ya wuce ba halin nuna shi, in ya yi yunƙurin bayani da hannu sai miyar kuka ta zubo masa a wando. Unguwa ta ɗan huta.

Na ce ta ɗan huta, ban ce ta warke ba. Don yanzu ya zama ɗan dakali sosai, yana tsakanin Malam Idi da sauran masu shanya gaɓoɓi, kuma duk sati Husaini yakan kafa masa ƙaho, da baki, a tsakiyar wani ƙaton zagaye da bai taɓa ɓacewa ba. Rannan wani baƙon dattijo ya zauna yana kukan ƙugunsa, wai ya gaji ciwon ne wurin ubansa. Balarabe ya ɗago kai daga benci, ƙaho yana rawa a bayansa.

"Na gado? Malam, ai kai tsintar naka ka yi. Wanzam, zuƙa da kyau ya gani. Ciwon bayan nan nawa duk Kaduna babu irinsa. Ni na ƙera shi da hannuna."